Katin Ƙarshe a Tamanhint

A kartar poker, mai riƙe da as biyu ya fi kowa ƙarfi tun farko, amma in ya gamu da mai sarki biyu, kusan sau ɗaya cikin biyar mai as ɗin ke shan ƙasa. Haka lissafin yake, babu hannun kowa.

Wannan nake ta son ƙanena ya gane. Tare muke aikin gona a Tamanhint, kusan kilomita 30 daga Sabha. Bayan isha'i yakan raɓe gindin dabino da waya, yana gasa da mutanen da bai taɓa gani ba. Babu dinari a ciki. Cacar kuɗi na roƙe shi ya bari, ya kuma bari. Duk da haka, in katin ƙarshe ya juya masa baya, sai ya kife wayar a yashi, hannunsa na rawa.

"Yaya, ni dai ba ni da sa'a."

Ina jin ba katin kaɗai yake nufi ba. Yaron da ya keto hamada daga Agadez ta Dirku, watanni bai aika komai gida Damagaram ba, ƙaramar asara ma nauyi take masa. Sai in zuba masa shayi, in ce ya faɗa min katin da ya riƙe, mu bi wasan tare daga farko.