Ƙarfen Dalma Ba Ya Liƙa Kansa

Kowane mai sana'a yana da abin da idan ya tsaya, tukunyar gidansa ta tsaya. Ga maƙeri zugazugi ne, ga tela keke, ga mu masu gyaran waya da rediyo kuwa ƙarfen liƙin dalma ne. Dalmar da muke aiki da ita tana fara narkewa a digiri 183 na ma'aunin Salshiyos, amma mukan kai bakin ƙarfen wajen digiri 350 domin liƙi ya kama da kyau. Duk ranar da zafin nan ya ja baya, aikin yini ya tafi.

Nawa ya huce ne a makon biyan kuɗin makarantar ƙannena, ga wayoyin mutane shida suna jira a kan tebur. Fitilar akwatinsa tana kunne, amma dalma sai ta dunƙule, ta ƙi kwanciya. Maƙwabcina a kasuwa ya ce, "Ɗan'uwa, jefar da shi ka sayi sabo." Kuɗin sabon kuwa su ne kuɗin makarantar.

An ce wanzami ba ya son jarfa. Mu da muke buɗe kayan mutane kullum, hannunmu yakan yi sanyi idan aka zo kan namu. Sai dai maigidan da ya koya mini sana'a ya hore mu da bin sawun cuta daga mai araha zuwa mai tsada. Na fara da bakin ƙarfen, domin baƙin da yake taruwa a kansa yana hana zafi ratsawa. Na goge shi, na shafa masa sabuwar dalma, bai canza ba. Na auna taransfoma da mita, na tarar da bolt 24 ɗinta cif. Sannan na zare filogi, na auna abin da ke haifar da zafin da kuma na'urar da ke jin yawansa, duka biyun lafiya.

Saura igiyar da ta haɗa mariƙi da akwati. Na bar mita a jone, na lanƙwasa ta a gindin mariƙin, sai lambobi suka fara tsalle. Shekarun murɗawa sun tsinka silin tagulla a cikin roba, 'yan kaɗan da suka rage ba sa iya ɗaukar wutar da ake bukata.

Na datse wurin da ya lalace, amma haɗa shi yana bukatar liƙi, ƙarfen dalma kuwa ba ya liƙa kansa. Dole na ari na maƙwabcin nan, ya miƙo mini yana dariya. Kafin la'asar dalma ta koma gudu kamar ruwa, wayoyi shida suka koma hannun masu su.

Da yawa daga kayan da muke zubarwa a bola ba su mutu ba, wanda zai bincike su da natsuwa suka rasa. Gwanin gyara kuma, kome gwanintarsa, akwai ranar da sai da hannun maƙwabci zai tashi.