Gemu Ba Ya Hana Ilimi

Mu 'yan boko mun saba auna ilimi da takardar shaida, shi ya sa idan dattijo ya ɗauki alƙalami mukan tambaya me zai yi da shi. Tsofaffi kuwa ma'auninsu daban. Kimani Maruge na ƙasar Kenya ya shiga aji ɗaya na firamare a 2004 yana ɗan shekara 84, burinsa ya karanta Baibul da idonsa.

Haka goggona ta shiga Islamiyyar matan aure bayan ta haura sittin. Da na tambaye ta dalili, sai ta ce, “Ɗan nan, na gaji da aron ido.” Mutunci take nema, wato ta buɗe Alƙur'ani ba sai ta jira jika ya taso daga makaranta ba.

Nana Asma'u ta fahimci wannan tun ƙarni na 19, domin dattawan mata ta naɗa jajis, suna haddace waƙoƙinta suna koyar da matan karkara. Yau muna wadata iyayenmu da abinci da magani, mu ce su huta. Da yawansu hutun ne ke tsofar da su. Allo suke so, da malami mai haƙuri.