Kunya Ba Ta Tsaya Ga Mayafi Ba

Mu da muka tashi a babban gida, mun koyi kunya tun kafin mu san sunanta. Uwa ba ta kiran sunan ɗanta na fari. Mace ba ta ambatar sunan mijinta, sai dai Malam ko Maigida. Miji ba ya cin abinci a gaban surukansa, ya kuma tuɓe takalmi kafin ya durƙusa ya gaishe su. Idan jariri ya ci sunan kakansa, sai a sakaya da Abba ko Babangida. Duk waɗannan, mutum kansa yake takawa birki, ba tare da an tsaya masa da bulala ba.

A shekarar 1974, Baturen nan Anthony Kirk-Greene ya wallafa nazarinsa kan mutumin kirki a wurin Bahaushe. Ya jera kunya tare da gaskiya da amana da mutunci da adalci, a matsayin halayen da ake nema ga mutumin kirki.

Yau kuwa, da an ce "rashin kunya", tufafin mace ne ke fara faɗo wa mutane a rai: tsawon hijabi, kaurin gyale, ɗinkin atamfa. A 2021 har Hukumar Hisba ta Kano ta hana teloli da masu shaguna nuna kaya a jikin mutum-mutumi. Muna girmama sutura, domin addininmu da al'adarmu sun yi umarni da ita. Amma mai tauye mudu fa? Mai cin gādon marayu fa? Mai sakin mace da goyo ya hana ta ko sabulu fa? Da wuya ka ji an kira su marasa kunya.

Akwai kuma inda ake fakewa da kunya a cuci mai rauni. Yarinyar da aka ci zarafinta, a ce ta yi shiru don rufin asirin gida. Mai yoyon fitsari ta shekara a ɗaki, ta kasa buɗe baki ta nemi magani. A nan, wanda ya kamata ya sunkuyar da kai yana yawo da babbar riga.

Abin da muke so mu bar wa 'ya'yanmu shi ne kunyar da ke hana hannu taɓa haƙƙin wani, wadda ba ta rufe bakin wanda aka zalunta.