Sarauniyar Lugu a jerin finafinanmu

Idan aka ce wa matashi a Tibiri ya lissafo finafinan da suka fi kwanta masa a rai, yawanci zai fara da na Indiya da aka fassara da Hausa, ya haɗa da Sangaya ko Wasila na Kano, wataƙila ya ƙara da na Bruce Lee. Ba laifi ba ne. Abin da ke ba ni mamaki shi ne da wuya a ji sunan Sarraounia, fim ɗin Med Hondo na 1986, alhali labarin na Arewa ne: sarauniyar Lugu da ta tsaya wa rundunar Turawan mulkin mallaka ta Voulet da Chanoine a 1899. Daga littafin Abdoulaye Mamani aka ɗauko shi, ya kuma ci babbar kyautar bikin finafinai na FESPACO a Wagadugu a 1987. A ganina ya cancanci sahun gaba.

Za a ce ɗan Muritaniya ne ya shirya shi, a Burkina Faso aka ɗauka, Aï Keïta da ta fito a sarauniyar ma ’yar can ce. Gaskiya ne. Amma wanda ya zub da hawaye kan soyayyar mutanen Mumbai ba shi da bakin cewa baƙunta ce ta hana shi. Hujjar da ta fi ƙarfi ita ce ta samuwa: masu tura finafinai a waya abin da ake nema suke ajiyewa, kuma ba a neman abin da ba a taɓa gani ba. Haka fim ɗin Cabascabo na Oumarou Ganda ya ɓace wa ’yan baya.