Barde Da Ɗan Baka

Sa'ad da nake yaro, in ranar hawan salla ta zo, ba abin da ke ɗauke mini hankali sai barade. Dakarun nan da ke tafe a ƙasa rataye da kwari da baka, ko kallo ba su ishe ni ba. Mahaifina manomi ne, bai taɓa ɗaure doki ba, kuma ba na ɓoyewa, har kunyar haka na riƙa ji. Ban rabu da wannan wauta ba sai da na karanta labarin doguwar gabar nan ta Ingila da Faransa, wadda ake kira Yaƙin Shekara Ɗari.

A zamanin nan ba a yi barade irin na Faransa ba. 'Ya'yan sarauta ne, tun suna ƙanana aka hore su da sukuwa da takobi. Su kuwa Ingilishi ƙarfinsu yana ga talakawa 'yan baka. Bakan nan tsawonsa ya kai na mutum, ba mai iya jan tsarkiyarsa sai wanda ya taso da shi tun ƙuruciya. Don haka a 1363 Sarki Edward na Uku ya yi doka, maza su riƙa koyon harbi ran Lahadi da ranakun hutu, su bar wasannin banza.

An yi karo a Kiresi a 1346. Faransawa suka sa sojan haya na Janowa a gaba, masu wani gajeren baka da ake ɗanawa kamar bindiga. Kafin su ɗana ɗaya, Ingilishi sun saki da dama. Da suka ja baya, sai baraden suka fusata, suka bi ta kan mutanensu, suka yi ta kai hari har dare, kibau na zuba kan dawaki kamar ruwan sama.

Ka ce sun ji magani? Ina! A Ajinkur, ran 25 ga Oktoba 1415, Sarki Henri na Biyar ya tsaya da rundunar da gajiya da ciwon ciki suka ci, yawancinta 'yan baka. Ladan ɗan baka sisi ne a yini, na barde sule biyu. Suka kakkafa turaku masu tsini a gabansu, doki ba ya iya ratsawa. Sauran Faransawa suka taho a ƙasa cikin nauyin sulke, ta gonar da ruwa ya mai da ita caɓi, suka cushe har wani ba ya iya ɗaga hannu. Da kibau suka ƙare, mai sisi ya ɗauki guduma ya fāɗa wa ɗan sarki. Raina kama ka ga gayya.

Amma kada mai karatu ya zaci baka ne ba a iya masa. A Pate, a 1429, barade suka auka wa 'yan baka tun ba su gama kafa turaku ba, suka watsa su. A Kastiyon kuma, a 1453, igwar Faransa ce ta rufe yaƙin, Ingilishi suka tashi a tutar babu sai garin Kale. Watau ranar da Faransawa suka bar raini, suka koyi dabara, ranar suka fara cin nasara.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne wani jirgin yaƙin Ingila, Mary Rose, wanda ya nutse a 1545, aka tsamo shi a 1982. An sami bakuna fiye da ɗari a ciki, an kuma ga alamar jan baka a ƙasusuwan kafaɗun waɗansu mutanensa. Da na karanta haka, sai na tuna da kafaɗar mahaifina, wadda garma ta karkatar. Allah ya ji ƙansa. Yau in na je kallon hawa, na ƙasa nake fara dubawa.