Farar Ƙafa A Filin Ƙwallo

'Yan uwana mata, ni dai ban taɓa taka ƙafata gidan kallon ƙwallo ba, kuma har yau ɗin nan in aka ce in bayyana abin da ake kira satar gida sai dai in yi murmushi. Amma duk macen da ke auren mai son ƙwallo ta san ko ba ta je kallo ba, sakamakon wasa zai biyo ta har ɗaki. In an yi nasara, ranar har da tsire ake shigowa. In kuwa aka sha kashi, to tuwon da kika ɓata yamma kina tuƙawa sai ya kwana a kwano.

Maigidana ɗan Arsenal ne tun yana saurayi. Ya ce tun 1999 ya kamu, shekarar da ɗan Najeriya Nwankwo Kanu ya koma kulob ɗin, har ya zura wa Chelsea ƙwallo uku shi kaɗai a wasa guda, bayan an riga an ci su biyu. Ni kuwa a 2010 aka kawo ni gidansu a Kano daga Damagaram. Babban gida ne, ga Hajiya mahaifiyarsa, ga matan yayyensa, ga ƙannensa 'yan mata, ni kaɗai ce ba 'yar gari ba. In na yi magana sai a kwaikwayi harshena a yi dariya, ni ma in taya su.

Watanni kaɗan da tarewata kasuwa ta juya masa baya. Atamfa da shadda yake sayarwa a Kantin Kwari, sai ga kuɗin cefane yana raguwa kullum. Ana nan sai na fara jin ƙus-ƙus a tsakar gida. Wata rana ina wanke-wanke na jiyo ƙanwarsa tana ce wa matar yayansa, "Ai tun da aka kawo ta komai ya tsaya. Farar ƙafa gare ta." Ban tanka ba, na shiga ɗaki na yi kuka har kaina ya yi ciwo. Kun dai san wannan kalma ta isa ta kashe aure. Shi bai taɓa faɗa mini ba, amma kuma bai taɓa tsawata musu ba, kuma shirun nan nasa shi ya fi ci mini rai.

Muna cikin wannan hali ranar Lahadi 27 ga Fabrairu, 2011 ta zo. Tun safe yake zumuɗi, wai yau za su ɗauki kofin Carling a filin Wembley da ke Landan, don Birmingham City da za su kara da ita ba sa'arsu ba ce. Rabonsu da kofi tun 2005, ga shi kwana goma sha ɗaya kacal da suka doke Barcelona 2 da 1. Ya saka jar rigarsa ya fita bayan La'asar, ni kuma na ɗora tuwon shinkafa da miyar taushe da ɗan abin da ke hannuna.

Bayan Magariba ya shigo kamar wanda aka yi wa rasuwa. Na ce, "Sannu da zuwa, a kawo abinci?" Ya ce, "Na ƙoshi." Ya jefar da rigar a kan gado ya sake fita.

Tagar ɗakinmu tana kallon bakin titi, daidai inda mai shayi ke kafa teburinsa, nan ne majalisarsu. Daga nan na ji yadda aka yi. Wani dogo ɗan Sabiya mai suna Zigic ne ya fara cin su, Van Persie ya rama. Saura minti ɗaya a cika casa'in, sai ga ƙwallo mai sauƙi ta taho, gola Szczesny da ɗan baya Koscielny suka rasa wanda zai ɗauka, suka rikita juna, ta gangaro gaban Obafemi Martins, ɗan Legas, ya tura ta raga ba kowa a gabansa. An tashi 2 da 1.

Kai jama'a! Ban taɓa jin maza sun yi musu irin na wannan dare ba, kuma musun bai ƙare ba sai da ya ci mako biyu. Don ranar 8 ga Maris Barcelona ta ci su 3 da 1 ta fitar da su daga gasar Zakarun Turai, har aka ba Van Persie jan kati. Ranar 12 ga Maris kuma Manchester United ta ci su 2 da nema ta cire su daga kofin FA. Kofi uku suka kuɓuce cikin kwana goma sha huɗu. Kullum dare ina zaune bakin taga ina tsince shinkafa ko ina ninke kaya, ina sauraro, har na gane majalisar ta rabu gida uku.

Na farko suka ce laifin koci ne, Arsene Wenger. Wai tsoho ne mai maƙo da taurin kai, ya bar manya irin su Vieira da Henry sun tafi, ya tara yara masu sha'awar yi wa ƙwallo ado, ya ƙi sayen ƙwararren gola da ƙaƙƙarfan ɗan baya. A kore shi kawai. Na biyu suka ce a'a, a yi wa mutum adalci. Kulob ya ci bashi ya gina sabon fili da aka buɗe a 2006, da me zai yi sayayya? Kuma kyaftin ɗinsu Fabregas bai buga wasan ƙarshen ba saboda rauni. Su a ganinsu ƙarfin 'yan wasan ne ke ƙarewa duk lokacin da kaka ta yi nisa. 'Yan Manchester da 'yan Chelsea kuwa suna gefe suna kurɓar shayi suna ƙara zuga wuta.

Gida na uku shi ne na maigidana, kuma muryarsa ta fi ta kowa tashi. Cewa yake, "Baƙi ne suka kashe mu! Wannan ɗan Poland, wancan ɗan Faransa, ko yaren juna ba sa ji, ta yaya ɗaya zai ce wa ɗaya bar mini? Kuɗi suka zo nema, ba su san darajar rigar ba. Tun 2005 mutumin nan ya taɓa fito da 'yan wasa goma sha shida babu ɗan Ingila ko ɗaya. A nemo 'yan gida masu kishi!" Wallahi da na ji haka sai gabana ya faɗi. Na ce a raina, ashe haka yake ganin baƙo. To ni fa?

A majalisar akwai wani dattijo, tsohon ma'aikacin jirgin ƙasa, wanda tun zamanin Raccah Rovers ta Kano yake zuwa kallon ƙwallo. Ba ya yawan magana. Daren da Manchester ta cire su ne na ji ya yi gyaran murya ya ce, "Yaro, tsaya in tambaye ka. Kanu da ya jawo ka Arsenal, ɗan Ingila ne? Kakar 2003 zuwa 2004 da kuka buga wasa 38 ba a ci ku ba, Henry da Vieira da Pires da Bergkamp 'yan wane gari ne a Ingila? Shi kansa Wenger ɗin Bafaranshe ne. Lokacin ba ku ce baƙi ba ne, cewa kuke namu. Kuma Martins da ya ci ku, aro aka yi shi daga wani kulob a Rasha, ko wata biyu bai yi a Birmingham ba, ina ya koyi darajar rigarsu? Kuskure ne yara biyu suka yi, kuma bayanku ya daɗe da rauni kowa ya sani. Ku dubi inda ɗaki ke yoyo, ku bar zagin ruwan sama." Majalisa ta yi tsit, can sai aka fashe da dariya, aka ce Baba ya gama magana.

Da ya shigo ranar na ajiye masa abinci, na zauna nesa kaɗan. Jikina na rawa na ce, "Yallaɓai, na ji abin da Baba ya faɗa. Ni ma fa baƙuwa ce a gidan nan, kuma an ce ni na tsayar maka da kasuwa." Ya ɗago ya dube ni ya ce, "Wa ya faɗa?" Na ce, "Ka sani. Ni ban san hanyar Kwari ba, ban taɓa riƙe littafin shagonka ba. Ka dubi inda ɗakin ke yoyo." Bai amsa ba, bai kuma ci abincin ba. Na kwana ina tunanin ko na jawo wa kaina takarda.

Bayan kwana biyu sai ga shi da littafin shago, ya baje a kan tabarma ya ce in riƙe masa fitila. Muka yi ta lissafi har tsakar dare. Ashe fiye da rabin jarinsa yana hannun mutane, bashi ne ya yi ta bayarwa saboda kunya, wasu tun kafin a san za a auro ni, kuma cikin masu riƙe da kuɗin har da na cikin gida. Washegari ya shiga ɗakin Hajiya ya daɗe. Ban san me suka tattauna ba, amma daga ranar ban sake jin kalmar nan a tsakar gida ba. Ba zan ce muku arziki ya sauko nan take ba. Wasu sun biya, wasu har yau, kuma sai da muka yi kusan shekara biyu muna lallaɓawa kafin shago ya miƙe.

Su ma can haka suka yi ta lallaɓawa. Birmingham da ta ɗauki kofin a wannan kakar ta faɗa rukunin ƙasa. Arsenal kuwa sai 17 ga Mayu, 2014 ta ga kofi, a wasan ƙarshe na FA da Hull City. Cikin minti takwas aka ci su biyu, Cazorla ya rage, aka rama na biyu, Ramsey ya ci na uku a ƙarin lokaci. Maigida ya shigo da tsire yana ta murna kamar yaro. Na ce, "To wa ya rama muku na biyun?" Ya yi shiru, sannan ya sosa ƙeya ya ce, "Koscielny." Na ce, "Baƙon nan dai da bai san darajar riga ba?" Ya yi dariya har da riƙe ciki ya ce, "Ke dai ba kya mantuwa." Wenger ɗin da aka ce a kora kuwa sai 2018 ya tafi, bayan shekara 22, kuma ranar maigidana har ƙwalla ya yi.

Don haka 'yar uwa, in mijinki ya dawo daga kallo yana huci, kar ki ce shirme ne ki toshe kunne. Saurari wanda yake ɗora wa laifi in an faɗi, za ki san halinsa fiye da yadda hirar zance ta nuna miki. Ke kuma ƙanwar miji, ke facala, in abu ya lalace a gida kar ku yi saurin duban wadda ta zo daga baya. Laifi tudu ne, kowa ya taka nasa sai ya hango na wani. Gobe ke ma gidan wasu za a kai ki, ki zama baƙuwa. Allah Ya ba mu zaman lafiya a ɗakunanmu, amin.