Waken Inna da Kuɗin Malamin Gona

Ina so in ba 'yan'uwana ɗalibai da malamammu labarin wani buhun wake, don shi ya sa na yi ta tunani a kan abin da jami'a ke yi wa talaka.

Gidammu yana Bulumkutu, yamma da Maiduguri, ta wajen hanyar Damaturu. A nan na ke zaune da Inna, ƙanwar uwata, wadda ta gudo daga ƙauyemmu a 2014 da 'ya'yanta huɗu, ta bar gona da rumbu. Tana hayar 'yar gona a bayan gari. Da waken da ta ke samu a ke biyan kuɗin makarantar yara. Shekaran bara ta ajiye shi don ya yi tsada. Bayan wata uku muka kwance buhu, sai ga ƙwari sun huda kowace ƙwaya, ƙasan buhu duk gari. Da ƙyar aka saya rabin kuɗi. Ni kuwa da a ke yi wa kallon mai ilmi a gida, sai na yi shiru. A makarantar mishan da na yi an koya mana shuka a layi da haɗa takin shara, amma ba a koya mana ajiya ba.

Da kakar bara ta yi, maƙwabta suka ce ta zuba fiya-fiya. Har ta sayo, sai ga wata yarinya maƙwabciyarmu mai karatun aikin gona a Jami'ar Maiduguri ta shigo gaisuwa. Ta durƙusa ta ce, "Inna, don Allah kada ki zuba wannan, ƙannena ne za su ci." Inna ta ce, "To, 'yata, in bar wa ƙwari ke nan?" Kashegari ta zo da wani buhu mai riɓi uku, watau leda biyu masu kauri a ciki, buhun saƙa a waje. Ta sa aka shanya waken ya bushe sarai, aka zuba, ta matse iska, ta ɗaure kowane riɓi dabam. Ta ce ƙwaro mai numfashi ne kamarmu, in ya ƙare iskar da ke ciki sai ya mutu. Ta gargaɗe mu kada a buɗe, kada kuma ɓera ya huda. Inna ba ta yarda ba ƙwarai, amma bayan wata biyar da aka kwance, wake ya fito sumul kamar ran da aka casa.

Na tambayi yarinyar asalin wannan dabara. Ashe daga Jami'ar Purdue ta Amurka ta fito, sunan buhun PICS. Malamanta sun yi shekaru suna gwaji a arewacin Kamaru, sa'an nan daga 2007 aka sami kuɗi daga gidauniyar Bill Gates da matarsa don yaɗa shi a ƙasashen Afirka. Ga abin da ya fi ba ni sha'awa: ba su tsaya ga buga takarda ba. Sun biya mutane suka shiga dubban ƙauyuka, a ɗaure buhu gaban jama'a, a komo bayan watanni a kwance gabansu. Manomi ba ya sa abincin shekararsa a caca don maganar baƙo, sai ya gani da idonsa. Wannan gani kuwa kuɗi ya ke ci, kuɗin mota da na ma'aikaci, zuwa biyu ko uku.

Amurkawa sun daɗe da gane haka. Tun 1914 suka yi doka cewa jami'o'insu na aikin gona za su aika malamai cikin manoma, gwamnatin tsakiya da ta jiha da ta gunduma su haɗa kuɗin. Mu ma ba a bar mu a baya ba wajen kafa ma'aikatu. A Samaru ta Zariya an fara sashen haɗa masu bincike da malaman gona a 1963, daga baya ya koma hannun Jami'ar Ahmadu Bello, a 1987 ya zama na ƙasa duka, shi ne NAERLS. A 1975 Bankin Duniya ya taimaka aka buɗe ayyukan raya noma a Funtuwa da Gusau da Gwambe, har suka game jihohi duka. Dattawa suna tunawa da lokacin da malamin gona ke zuwa ƙauye a kan babur, ran da ya sa ba ya saɓawa. Da kuɗin Bankin ya ƙare wajen tsakiyar shekarun 1990, sai zuwan ya yi ta raguwa. A 2003 shugabannin Afirka suka yi alkawari a Maputo za su ba noma kashi 10 cikin 100 na kasafinsu, amma a yawancin shekaru na Gwamnatin Tarayyarmu bai kai ko rabin wannan ba.

Wani abokina a aji ya ce mini aikin jami'a koyar da ɗalibai ne da bincike, yawon ƙauye na ma'aikatar gona ne, kuɗi kuwa ba ya isar kome da kome. Maganarsa da hujja, ga ɗakunan kwanan ɗalibai ma suna neman gyara. Amma ni ban yarda ba. An riga an kashe babban kuɗin wajen bincike da horar da masana. Abin da ya rage ɗan kaɗan ne, shi ne kai ilmin bakin ƙofa, kuma shi a ke fara yankewa in an matsu, don ba gini ba ne da za a sa wa allo a yanka masa kyalle. Hasarar kuwa ba ta tsaya kan Inna kaɗai ba. A 2015 Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen waken Nijeriya saboda yawan maganin ƙwari a cikinsa. Su sun ƙi, mu kuwa muka ci gaba da cin abimmu.

Jami'ar Maiduguri, wadda aka kafa a 1975, tana can hanyar Bama, mu muna wannan gefe, tafiyar Keke Napep biyu ce tsakanimmu. Ilmin da ya ceci waken Inna ya ƙetare teku, amma ƙarshen tafiyarsa a kan kuɗin aljihun wata ɗaliba ya yi ta. Inna da kanta ta tambaye ni, "Ɗana, da ba maƙwabciyarmu ba ce fa?" Ban sami amsa ba.

A zango mai zuwa za a tura ni gwajin koyarwa a wata firamare a unguwarmu, inda yawancin iyayen yara manoma ne. Na roƙi yarinyar nan ta zo aji shida, ta kuwa yarda. Na sayi buhu ɗaya, Inna ta yi alkawarin ba mu aron wake. Za mu ɗaure shi gaban yara da kaka, mu kwance kafin ruwan fari, mu gayyaci iyaye. Kuɗin motarta zuwa biyu ni zan biya.